Taba Mai Zobe: Tarihinta da Hanyoyin Cinikinta a Ƙasar Karaye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun wata tabar sigari guda ɗaya, watau Three Rings, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Mai Zobe, domin mu ga yadda aka yi ta fito daga masana'anta har ta isa hannun manomi a ƙauye. Mun ɗora bayanin a kan ƙasar Karaye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano saboda matsayin da take da shi. Ƙasa ce ta noma, mai yawan jama'a, domin ƙidayar 2006 ta nuna Karaye na da mutum sama da 140,000, Rogo kuwa sama da 220,000. Sa'an nan Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina, kuma garin ya fi kusa da Zariya a kan birnin Kano. Zariya kuwa ita ce ta zama cibiyar yin sigari a Arewa shekara da shekaru.

Abin da muke so mu tabbatar shi ne, a irin wannan wuri ba rubutun jarida ne ya sayar da sigari ba. Abu uku ne suka sayar da ita: hoton da ke jikin kwali wanda ya ba ta suna na Hausa, da sayar da ita kara-kara, da kuma mai tebur. Idan an gane haka za a gane dalilin da ya sa dokokin da aka yi ta kafawa tun daga 1990 suka fi yin tasiri a birni a kan ƙauye.

2.0 Taba kafin zuwan sigari

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawan mulki ne suka kawo wa Bahaushe taba. Asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake, kuma ya iso Afirka ta Yamma tun wajen ƙarshen ƙarni na 16. Bai daɗe da isowa ba malamai suka shiga muhawara a kansa, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa a 1607 yana mai ganin halaccinsa, wasu kuwa suka haramta. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙasar Kano, ta hana mabiyanta shan taba. Wannan ya sa tun asali akwai gidajen da taba ba ta shiga, akwai kuma mutanen da ba a shan ta a gabansu.

Duk da haka an noma ta, an kuma yi fataucinta. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya ambaci darajar da tabar Katsina take da ita wajen Buzaye da Larabawa. Fiye da shekara 100 bayansa, Polly Hill ta bayyana a littafinta na 1972 yadda manoman Batagarawa ke noman taba suna kai ta arewa. Yadda ake amfani da ita kuwa sananne ne. Akwai mai ɗura ta a lofe ya zuƙa, akwai mai daka ta da kanwa ya zuba a baki, watau taba gari, mata kuma su goga furenta a haƙora bayan sun ci goro don ado. Har karin magana ta samu, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero.

Abin lura a nan shi ne, wannan tsohuwar taba ba ta da suna ban da sunan garin da ta fito, ba ta da kwali, kuma galibi ta dattawa ce. Lofe yana bukatar zama da garwashi da natsuwa. Sigari kuwa ashana ɗaya ta ishe ta, ana iya shan ta a tsaye, a kan keke, ko a ɓoye a bayan danga. Wannan sauƙi shi ya buɗe mata ƙofar samari.

3.0 Kamfani da masana'anta

Sigari ta yi araha a duniya ne bayan da James Bonsack ya ƙera injin naɗa ta a Amurka a farkon shekarun 1880. A 1902 manyan kamfanonin taba na Amurka da Ingila suka haɗa jari suka kafa British American Tobacco domin cinikin ƙasashen waje, kuma wannan kamfani ya kafa ƙafarsa a Nijeriya a 1912. Shekarar tana da muhimmanci, domin a lokacin ne jirgin ƙasa ya fara jigila sosai tsakanin Kano da Ikko, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗin Bature suka fara shiga hannun manomi. Da farko daga Ingila ake kawo sigarin a cikin gwangwani mai ɗaukar kara 50. A 1933 aka gwada naɗa ta a Oshogbo, a 1937 aka buɗe cikakkiyar masana'anta a Badun, sa'an nan a 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, wanda aka fi sani da NTC. Masana'antar Fatakwal ta biyo baya a 1956, ta Zariya kuma a ƙarshen shekarun 1950. Sojojin da suka komo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun dawo da sabon shan sigari, tun da yake tana cikin abin da ake raba wa soja, kuma sun shigar da ita garuruwan da ba ta saba zuwa ba.

Buɗe masana'anta a Zariya ya yi abu biyu. Na farko, ya kusanto da kamfani ga ganyen taba, domin NTC ya bi tsarin ƙulla yarjejeniya da manoma: ya ba su iri da taki da malamin gona, su kuma su sayar masa da ganyen, shi ya tantance daraja, shi ya yanka farashi. A ƙasar Oyo ana gasa ganyen a rumbu da itace, a Arewa kuwa, musamman ƙasar Zazzau da ta Sakkwato, an fi shanya shi a inuwa iska ta busar da shi. Na biyu, ya rage nisan da ke tsakanin inji da mashayi. Kayan da a da sai sun hau jirgi daga Kudu, yanzu motar kaya na iya ɗauko su da safe ta sauke a kasuwar ƙauye kafin azahar. Ga mutumin Rogo, da Zarewa, da Fulatan, masana'antar ta zama maƙwabciya.

Kamfanin bai yi taba iri ɗaya ba. Ya jera su ne hawa-hawa daidai da aljihun mai saye. A sama akwai irin su Benson & Hedges na manyan ma'aikata da attajirai, a tsakiya akwai irin su High Society da Gold Leaf, a ƙasa kuma akwai masu araha, cikinsu har da Three Rings. Ita ce tabar lebura da ɗan dako da ɗan ƙwadago da manomi. Daga baya kamfanin da ke Ilori ya fito da nasa, irin su Target da Link, aka shiga gasa, amma tsarin jerin bai sake ba.

4.0 Suna da hoto

A nan ne masu nazarin harshe za su sami abin dubawa. Mutumin da bai yi boko ba, ko da ya iya karatun ajami, ba abin da kalmomin Three Rings za su gaya masa. Abin da idonsa ke gani shi ne zobba a jikin kwali. Sai ya yi abin da Bahaushe ya saba yi da kowace irin haja baƙuwa, watau ya ɗauki kalmar "mai" ya liƙa mata abin da ya gani. Ta haka aka sami Mai Zobe. Kafin ita ma an yi wata taba ta wannan kamfani mai suna Bicycle, wadda aka sani da Mai Basukur, kuma sunan ya adana mana tsohuwar kalmar da keke ya ture.

Wannan dabara ba ta tsaya ga ciniki ba. 'Yan siyasa sun san ta sarai. A Jamhuriya ta Farko an san NPC da fartanya, NEPU da tauraro. A zaɓen 1979 kuwa aka san PRP da mabuɗi, NPN da gida da masara. Mai jefa ƙuri'a alama yake nema, mai sayen taba ma haka.

Amfanin wannan ga kamfani ba kaɗan ba ne. Sunan da jama'a suka raɗa da kansu ya fi wanda aka biya kuɗi aka cusa musu zama a baki. Yana shiga hira, yana shiga zambo da barkwanci, ana iya aiken yaro da shi ba tare da ya ɓata ba. Daɗin daɗawa, zobe abu ne mai kyakkyawar ma'ana a al'ada, kayan ado ne, abin kyauta ne tsakanin saurayi da budurwa, ba ya ɗauke da wani abin ƙi na addini ko na camfi. Ba mu ce da gangan aka zaɓe shi don Hausawa ba, amma ya dace da su. Muna ganin da hoton kare ko na alade aka sa a kwalin, da wani labari ake yi.

Sauran hanyoyin talla sun ginu ne a kan wannan tushe. Akwai alluna na ƙarfe da ake kafawa a jikin kanti, da kalanda, da laima mai launin kwali da ake ba mai tebur ya sha inuwa, da motar talla mai lasifika da ke bin kasuwanni. Rediyo ya fi jarida isa ƙauye nesa ba kusa ba, musamman bayan da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 kuma ƙaramar rediyo mai batir ta yawaita. Amma duk waɗannan tunatarwa kawai suke yi. Manyan bukukuwan kiɗa da aka riƙa shiryawa da sunan Benson & Hedges a shekarun 1990 na 'yan birni ne, kuma ba Mai Zobe aka yi wa su ba. Ita tallarta tana kan tebur.

5.0 Kara ɗaya da mai tebur

Masanin tattalin arziki P. T. Bauer, a littafinsa na 1954 a kan cinikin Afirka ta Yamma, ya yi dogon bayani game da yadda ake kakkarya haja: kaya su zo da jirgin ruwa a manyan akwatuna, su yi ta raguwa daga hannu zuwa hannu har su kai ga mai sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya da ashana a ƙidaye. Turawa da yawa a lokacin suna ganin yawan 'yan tsakiya ɓarna ne. Shi kuwa ya nuna cewa su ne suka sa talaka yake iya sayen abin da ba zai taɓa iya saye a dunƙule ba. Babu hajar da wannan bayani ya fi dacewa da ita kamar sigari.

Ga yadda sarƙar take. Kamfani ya ba babban dila katan-katan. Dila ya sayar wa 'yan sari. Ɗan tireda na Karaye ko na Rogo ya saro tare da sauran kayansa, sukari da sabulu da ashana da batir, ko dai daga Kano, inda kasuwar Singa ta zama matattarar kayan masarufi, ko kuwa daga Zariya ko Funtuwa. Daga wurinsa mai tebur ya ɗauki kwali biyu ko uku, sau da yawa bashi, sai ya sayar ya biya. Mai tebur ya fasa kwali ya sayar kara-kara. A ƙarshen sarƙar kuma ga yaro ko yarinya da faranti a ka, goro a gefe ɗaya, taba da alewa a ɗaya gefen, ana bin tasha da dandali da gidan biki.

Sayar da kara ɗaya yana da hikimomi da ya kamata mu tsaya a kansu. Da fari dai, farashin kara dole ya faɗa a kan wani kuɗi da ke hannun mutane. A zamanin fam da sule akwai anini da ɗari da kwabo da taro da sisi; bayan canjin kuɗi na 1973 aka koma naira da kwabo. Tabar da karanta ya dace da mafi ƙanƙantar kuɗin da ke yawo ita ce ke cin kasuwar ƙauye, har ma mai tebur yakan ba da ita a madadin canji. Na biyu, kuɗin manomi ba kullum suke zuwa ba. Da kaka, in an sayar da gyaɗa ko auduga ko masara, ko lokacin da ake matse rake ana dafa mazarƙwaila a ƙasar Rogo, aljihu na da nauyi. Da bazara kuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ba mai iya sayen kwali. Kara ɗaya shi ke riƙe mashayi daga kaka zuwa kaka, kada talauci ya raba shi da ita. Na uku, mai sayen kara-kara ya fi mai sayen kwali biya in an haɗa lissafi, amma ba ya jin zafin, domin kaɗan-kaɗan kuɗin ke fita. Ribar mai tebur a nan take.

Akwai kuma wani abu da ya shafi kunya. Mun ambata a baya cewa ƙasar nan akwai ƙyamar taba a gidajen malamai da na masu ɗariƙa, kuma ɗa ba ya sha a gaban uba, ko suruki, ko malaminsa. Saurayin da ya sayi kwali sai ya nemi inda zai ɓoye shi, kuma ranar wanki asirinsa na iya tonuwa. Wanda ya sayi kara ɗaya kuwa, a nan wurin mai tebur zai kunna da ashanar mai tebur, ya shanye, ya bi da ɗan goro ko alewa mai yaji, ya koma gida hannu rabbana. Watau ke nan kara ɗaya ya ba sigari hanyar zama a cikin al'ummar da ba ta yarda da ita a fili ba. Teburin mai shayi da na mai tireda, da benci da fitila da rediyo, su ne majalisar samari da dare, kuma a nan akasari ake fara zuƙar farko, ta hanyar karɓar guntu daga hannun aboki.

6.0 Fasa-ƙwauri da sauyin kamfani

Mai Zobe ba ta ci kasuwa ita kaɗai ba. Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda sigarin ƙasashen waje ke sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, a wuce da ita Nijar, daga nan ta tsallako Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba. Wannan taba ba ta biyan haraji, don haka takan karya farashin ta gida. Da aka haɗa da tsadar kayan aiki bayan karyewar darajar naira a 1986, sai NTC ya raunana, ya rufe masana'antunsa na Fatakwal da Badun, ta Zariya ta rage. A shekarar 2000 British American Tobacco ya haɗe NTC gaba ɗaya, a 2001 ya sa hannu a yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya ta zuba jarin dala miliyan 150, a 2003 kuma aka buɗe sabuwar masana'anta a Badun, nauyin aikin ya koma can. Sababbin tabobi masu araha sun shigo sun raba kasuwa da Mai Zobe. Mai tebur dai bai gusa ba, launin kwalayen da ke gabansa ne kawai ya sake.

7.0 Doka da inda ta tsaya

Illar sigari ba abin gardama ba ce yanzu. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙarta da sankarar huhu, rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 ya ƙarfafa hakan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Ingila ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka ta hana a rediyo da talabijin a 1971. Ya kamata a lura cewa a daidai waɗannan shekaru ne cinikinta ke bunƙasa a ƙauyukanmu. Binciken da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya gano cewa kashi 5.6 cikin 100 na manya, kimanin mutum miliyan 4.5, suna amfani da taba, mazan kuma sun ninka matan sau da yawa.

Dokar soja mai lamba 20 ta 1990, wadda aka yi lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, ta hana shan taba a asibitoci da makarantu da ofisoshi da motocin haya, ta kuma tilasta a buga gargaɗi a jikin kwali. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita taba a 2005. A 2007 gwamnatin Jihar Kano, tare da wasu jihohi, ta kai kamfanonin taba ƙara tana neman diyyar kuɗin jinya. Sa'an nan dokar 2015 ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba ko a sa shi ya sayar, ta kuma ce ba a sayar da sigari sai a cikin kwali mai kara 20. Ƙa'idojin 2019 suka ƙara da cewa hoton gargaɗi ya rufe rabin kwali.

Idan muka auna waɗannan da abin da muka bayyana, za mu ga giɓin. Gargaɗin 1990 da Turanci aka rubuta shi, ga mutumin da tun farko don bai karanta Turanci ba ya raɗa wa tabar suna Mai Zobe. Hoton gargaɗi ya fi rubutu, domin ya bi hanyar da kamfani ya bi ya shigo, amma shi ma a jikin kwali yake, kwalin kuwa yana hannun mai tebur, mashayi kara kawai ake miƙa masa. Hana talla a rediyo da allon kan titi ya rufe ƙofar da ba ita ce babba ba. Sashen da ya taɓa jijiyar cinikin shi ne hana sayar da kara ɗaya, kuma shi ne mafi wuyar zartarwa. Duk wanda ya tsaya a tashar mota zai ga ana fasa kwali a fili.

A ganinmu bin masu tebur ɗaya bayan ɗaya daga Yammedi zuwa Gwangwan aikin banza ne, kuma zai faɗa ne a kan mafi rauni a cikin sarƙar, mutumin da jarinsa duka bai kai kuɗin tara ba. Masu tebur dubbai ne, manyan diloli kuwa ana iya ƙidaya su, kuma kamfani ya san kowannensu da suna. Haraji ma yana isa inda ɗan sanda ba ya isa. A 2018 aka fara ɗora naira 1 a kan kowane kara, ban da kashi 20 cikin 100 na farashin masana'anta, aka ƙara zuwa naira 2 a 2019 da naira 2.90 a 2020. Irin wannan haraji na kara shi ne yake bin taba har cikin farantin talla, muddin ya kai yawan da zai ɗaga farashin kara ya haye ƙaramar takardar kuɗin da ke hannun yaro, muddin kuma an tsare hanyar Maraɗi da Jibiya. Gargaɗi kuwa sai an faɗe shi da baki, da Hausa, a rediyo da masallaci da fadar dagaci, a kuma kira tabar da sunan da mutane suka san ta da shi. Majinyacin da sankara ta kama a Rogo, in har an gano ta, mafi kusancin wurin da za a gasa masa ita da na'ura shi ne asibitin koyarwa na Shika, a ƙasar Zariya, kuma kuɗin mota da na jinya daga rumbunsa za su fito.